Jan Ƙyallen da Yaya Ya Ɗaura

Yayana mai gyaran firji ne. In ka bi layin da ke bayan tashar mota, ka wuce mai faci da mai sayar da katako, za ka ga wani shago da matattun firji jere a ƙofarsa, wasu ba murfi, wasu an ɗaure murfin da igiyar roba. A ciki akwai benci ɗaya, tukwanen gas, da bututun tagulla a naɗe a jikin ƙusa. Nan yake wuni a tsugune, kunnensa manne da inji, yana sauraron inda ciwon yake. Shagona na ɗinki yana kallon nasa, titi ne kawai a tsakaninmu. Don haka yawancin abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Ni ce autar gidanmu, kuma ni na kwashe duk zafin zuciyar da aka raba. Shi ko kaɗan bai samu ba. Inna takan ce tun yana ƙarami in aka taka masa ƙafa shi ke fara cewa a yi haƙuri. Ni kuma nakan ce masa sanyin firjin da yake gyarawa ne ya shige masa jini. Mutane suna yabon wannan hali nasa. Ni ban taɓa yabawa ba, don ni na san abin da ya ja masa.

Masu kawo masa gyara yanzu ba su san cewa akwai lokacin da duk yankinmu ba mai shan gabansa a tseren duwatsu ba. Ba gudun fili nake nufi ba, wanda ake zagaya ciyawa mutane na tafi. Wannan da asuba ake tashi, a bi hanyar awaki, a hau dutse a sauka, a ratsa rafi, sama da kilomita ɗari. Mai sauri ya iso kafin faɗuwar rana, na ƙarshe kuwa sai washegari. Ana kafa zango-zango a hanya, inda ake ajiye ruwa da ayaba da gishiri, kuma kowane ɗan tsere yana da mutuminsa da ke jiran sa da safa da takalmin canji. Ni ce mutumin Yaya. Da allurar ɗinkina na sha fasa masa bororon ƙafa, kuma na ga faratansa sun yi baƙi sun zube sun sake fitowa ban san sau nawa ba.

Hanyar ba kwalta, ba allo. Jan ƙyalle ake ɗaurawa a reshe ko a jikin dutse, in ka tsaya a kan wannan kana hango na gaba. Wanda ya rasa ƙyalle ya rasa hanya. Kafin Yaya ya fara cin tsere ya yi shekaru cikin masu wannan ɗaurin, kyauta, har ni nake yanka musu ƙyallayen daga ragowar yadi. Hannunsa ya saba. Duk inda ya ga ƙyalle a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka ya mayar, ko da kuwa a tsakiyar tsere ne yana kan gaba. Mun sha faɗa a kan wannan.

"Yaya, tsere fa ka zo, ba aikin kwamiti ba."

"Na bayana fa, Auta? Wani da duhu zai iso wurin."

Ba shi ke nan ba. Duk wanda ya wuce a hanya sai ya ce masa sannu. Ɓawon ayabarsa a aljihu yake sa shi har zango na gaba. In ya gama tsere kuma ba ya tafiya wanka ko barci. Sai ya nemi kujera a bakin layin ƙarshe, ya lulluɓa da bargo, ya zauna har mutum na ƙarshe ya jawo ƙafa ya iso, ya tashi ya ba shi hannu. Ni kuma ina gefe da jakunkuna, sauro na cizona, ina masifa ba mai saurarona.

Akwai wani saurayi da ke kawo masa tukunyar gas a babur, dogo, mai siraran ƙafafu. Wata rana babur ɗin ya mace masa, sai ga shi ya saɓo tukunyar a kafaɗa da gudu tun daga bakin kasuwa, ko haki ba ya yi. Yaya ya dube shi ya ce gobe da asuba ya same shi a gindin dutse. Daga nan aka fara. Takalminsa na farko na Yaya ne, ni na cusa masa tsumma a gaba don ya yi masa yawa. A gidan Yaya yake cin abinci, Maigida yake kiran sa, ni kuma Anti. Abokan gudu suka sa masa suna Barewa, sunan kuma ya bi shi har inda ni ban taɓa zuwa ba. Yaron yana da ƙafa, wannan ba zan hana shi ba. Yana kuma da ido. Duk abin da Yaya ke yi sai da ya kwafe, har yadda yake ɗan sunkuyar da kai in ana yabon sa.

Babban tseren shekara, wanda baƙi ke zuwa daga nesa, shi ne Yaya bai taɓa ci ba. Ya sha zuwa na biyu. A shekarar da nake magana ya haura arba'in, gwiwarsa ta dama ta fara yi masa tsiya, ya ce mini wannan ne na ƙarshe, ko ya ci ko bai ci ba.

Jajibirin tsere akan tara 'yan gudu a yi musu bayanin hanya. Yaya bai je ba. Kada ka ɗauka wani babban abu ne ya tsare shi. Firjin wata mai sayar da lemon kwalba ne ya mutu, ta zo tana magiya kayanta za su huce, shi kuma ba ya iya cewa a'a. Ya ce wa Barewa ya je ya jiyo musu. Da yamma Barewa ya dawo, ina zaune a kan bencin shagon ina ɗinke aljihun jakar ruwan Yaya.

"Akwai wani sabon abu?" in ji Yaya, kansa na cikin firji.

"Surutu ne kawai suka yi ta yi, Maigida."

Ko mantawa ya yi ko da gangan ne, wannan tsakaninsa da Allah. Abin da na sani shi ne a wurin taron nan an faɗa, an kuma maimaita, cewa an canja hanya a wuri ɗaya. Akwai wata mararraba kusa da tsohuwar rijiya. Da can hagu ake bi, a gangara ta rafi. A shekarar aka ce dama za a bi, a hau tudun da ke da eriyar waya, a zagayo. Hanyoyin biyu suna sake haɗuwa ɗan sama kaɗan da zango na huɗu, amma ta tudun ta fi nisa sosai, ga hawa.

Ranar tseren aka wayi gari da ruwa da iska. Wajen hantsi Yaya ya iso mararrabar yana kan gaba, ya tarar da jan ƙyalle kwance a cikin taɓo a tsakanin hanyoyin biyu. Da wani ne, da ya wuce abinsa. Shi ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗaura a reshen hagu, reshen da shi da kansa ya yi shekaru yana ɗaura wa ƙyalle, ya gangara ta rafi.

Ni ina zango na huɗu. Ma'aikatan wurin duk sun cure a ƙarƙashin tanti saboda ruwa, ba wanda ya leƙo. Ni kuwa zama ba ya yi mini in ina jiran sa, sai na ɗauki lema na hau har inda hanyoyin suka haɗu. Ina tsaye Yaya ya ɓullo ta hanyar rafi, jar laka har gwiwa, yana murmushi.

"Barewa na bayana," ya ce, kamar wanda aka yi wa albishir.

Bai daɗe da wucewa ba sai ga Barewa, ta wannan hanyar dai, da irin wannan jar lakar. Da ya gan ni ya ɗan yi turus. Ya dubi ɗaya hanyar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya wuce. A lokacin ban gane komai ba, har ce masa na yi ya ƙara ƙoƙari.

Yaya ya ci tseren. Rana na shirin faɗuwa ya shigo layin ƙarshe, mutane na ihu, ni ina tsalle kamar ba matar aure mai 'ya'ya ba. Barewa ya zo na biyu. Aka lulluɓa wa Yaya bargo, na haɗa masa shayi, ya zauna a kujerarsa ta jiran na baya. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake irin ta wannan ɗan lokacin ba.

Can da daɗewa na uku ya iso, wani baƙo, ransa a ɓace. Ko ruwa bai karɓa ba ya nufi teburin alƙalin tsere yana faɗa, wai wani ya cire ƙyallen mararrabar rijiya ya mayar hagu, ba don ya je taron jiya ba da ya bi, sai da ya tsaya ya kwance ya mayar dama saboda na baya. Yaya na riƙe da kofin shayi. Ya juyo ya tambayi na kusa da shi, "Dama aka ce a bi bana?" Aka ce masa dama. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali ya miƙe.

Na riƙe masa riga. "Ina za ka?"

"Sake ni, Auta."

"Ka tsaya mu yi shawara tukuna. Ba wanda ya ambaci sunanka."

Ya cire hannuna ya tafi, na bi shi. Alƙalin wani dattijo ne mai tabarau, tsohon malamin motsa jiki, ya san Yaya tun ba yau ba.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗaura ƙyallen," in ji Yaya. "A ƙasa na same shi. Ban san an canja hanya ba."

Alƙalin ya cire tabarau. "Ta rafi ka bi ke nan?"

"Ta rafi na bi."

"Kai kaɗai?"

"Ƙafata kawai zan iya ba da shaida a kanta."

Da ya faɗi haka sai ya juya ya dubi Barewa, wanda ke tsaye kusa, shi ma da bargo a kafaɗa. Kallon nan har yau ina ganin sa. Ba na tuhuma ba ne. Irin kallon da yake yi masa ne in sun zo gindin hawa mai wuya, na cewa bismillah, ga wuri. Alƙalin ya tambayi Barewa ta ina ya bi.

"Hanyar da aka yi mana bayani jiya na bi, ranka ya daɗe," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye.

Nan na fashe. Na ce ƙarya yake yi, da idona na gan shi ya fito ta rafi, a dubi lakar ƙafarsa. To wa ba shi da laka a ranar? Alƙalin ya ɗaga mini hannu, ya tambayi Yaya ko gaskiya ƙanwarsa ta faɗa.

"Shi ya kamata ya amsa wannan," in ji Yaya.

"Ya riga ya amsa," in ji alƙalin.

Shi ke nan. Aka ce maganar ƙanwa ba shaida ba ce, baƙin ciki ne ya sa take son jawo yaron mutane. Wasu har dariya suka yi mini. Aka ba Barewa kofin a daidai wurin. Yaya kuma ya koma kan kujerarsa, ya ja bargo, ya zauna jiran mutum na ƙarshe kamar ba abin da ya faru. Ni ban zauna ba. Na jibge masa jakunkunansa a gaba na nemi mota na tafi gida.

Da yanke hanya ce kawai, da kofin za a karɓe a bar shi. Amma a dokar tseren ba laifin da ya kai taɓa ƙyalle, don da shi ake ɓatar da mutane a daji. Kwamitin tseren ya zauna. Suka ce mutumin da ya san duwatsun nan kamar tafin hannunsa ba zai ɓata ba sai da niyya. Suka ce bai yi magana ba sai da baƙon ya tona. Suka hana shi shiga duk wani tsere nasu, ba ranar dawowa. Suka cire hotonsa daga bangon ofishinsu, har yanzu in ka shiga za ka ga wurin ya fi sauran bangon haske.

Kofi ba komai ba ne, gwangwani ne mai hannu biyu. Sunansa aka ɗauke. A layinmu aka fara kiran sa Yanke. Mutum zai kawo firji, ya ce cikin raha, "Malam, ban da yanke a gyaran nan fa," sauran su kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya karɓi aikin. Samarin da ke taruwa a ƙofar shagonsa don fita gudu suka janye ɗaya bayan ɗaya, iyayensu sun ce ba za a koya wa 'ya'yansu cuta ba. Inna, tana kwance a ciwonta na ƙarshe, ta kira shi ta ce, "Wai da gaske ne abin da nake ji?" Ya ce, "Kuskure na yi, Inna." Ta ce to, Allah ya kyauta, ta juya fuska bango. Ban san me ta tafi da shi a ranta ba.

Na roƙe shi, na zage shi, na yi masa gaba ta wata da watanni, muna kallon juna ta tsallaken titi ba gaisuwa. Na ce kalma ɗaya ce kawai, ya je ya ce tare suka bi. In an san cewa wanda ya je taron ma ya bi, alhali ya san an canja hanya, kowa zai gane wa ya yi kuskure wa ya yi cuta. Amsarsa ba ta taɓa canjawa ba.

"Ki bar shi, Auta."

Barewa kuwa sai sama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne labarin da aka ƙulla a kan ranar. Wai ya hau tudun eriya cikin ruwan sama, amma duk da haka saura kaɗan ya kamo wanda ya yanke. Aka ce ba a taɓa ganin ƙafa irin wannan ba. Kamfanin takalma ya ɗauke shi. Hotonsa ya hau manyan alluna a bakin titi. Ya je ƙasashen waje ya ciyo tsere, kuma waɗannan da ƙafarsa ya ci su, ban ce ba. Amma ba gudun ne ya sa aka so shi ba, halinsa ne wai. Zakaran da ke ce wa kowa sannu. Zakaran da ke sa ɓawon ayaba a aljihu. Zakaran da ke zama da bargo har mutum na ƙarshe ya iso. 'Yan jarida suka yi ta rubutu a kan tawali'unsa, iyaye na nuna wa 'ya'yansu shi a talabijin.

Na so a ce don kyamara yake yi. Da na samu sauƙi. Amma wata mai kawo mini ɗinki, wadda mijinta ke zuwa na kusa da ƙarshe kullum, ta rantse mini cewa ko bayan 'yan jarida sun watse yana nan zaune cikin sanyi, har ya taɓa cire wa mijinta takalmi da hannunsa. Wato da gaske yake yi. Duk halin Yaya ya ɗauka ya sa ya yi masa daidai, abu ɗaya kawai ya bari.

Kuma bai daina zuwa ba, wannan shi ne ƙarfin halin. Duk bayan 'yan watanni sai ka ga motarsa ta tsaya nesa da shagon, ya tako da ƙafa, ya tsuguna a kan simintin nan mai baƙin mai da fararen kayansa, ya gaida Maigida. Ina kallo daga kan keken ɗinkina. Yaya zai ajiye abin da ke hannunsa, ya goge hannu da tsumma sosai, ya jawo benci ya zauna ya fuskance shi, ya yi shiru. Shi kuma ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali, ya yi zancen zafi, ya ajiye kwalin takalmi, ya tashi. In ya tsallako ya ce "Anti, ina wuni," sai in ƙara taka keke. Takalman suna nan jibge a saman wani mataccen firji, ko ɗaya ba a buɗe ba.

Yaya ya ci gaba da gudunsa shi kaɗai na wasu shekaru, ba lamba a ƙirji, ba mai jiran sa a zango. Daga baya gwiwar ta ƙi gaba ɗaya. Yanzu in zai hau matakala a karkace yake hawa, yana dafa bango.

Bara Barewa ya ce zai yi ritaya. Kwamiti ya shirya masa taron karramawa a zauren wani otal, za a ba shi lambar yabo ta kyawun hali. Da kansa ya kawo wa Yaya gayyata. Daga inda nake na ga ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu yana magana, ya daɗe. Bayan ya tafi sai ga Yaya ya tsallako titi, abin da ba ya yi da rana tsaka.

"Auta, za ki iya ɗinka mini riga kafin Asabar?"

"Rigar me? Zuwa za ka yi?"

"Ya ce akwai nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi. Ya ce ranar zai sauke, a gaban kowa."

Na dube shi. Mutum mai furfura, hannu duk tabon ƙuna, amma idonsa na ƙyalli kamar na yaron da aka ce za a kai shi kasuwa. Na ɗauko awo na auna shi. Ni ma, in faɗi gaskiya, na sa rai. Na zaɓo yadin da na fi ji da shi, na ture aikin mutane, na yi masa riga ruwan toka mai aljihu biyu.

Zauren ya cika. Fararen kujeru, fanka na juyawa, ruwan roba a kan kowane tebur. Aka zaunar da mu a layin gaba. Dattijon alƙalin nan yana kan babban tebur, yanzu shi ne shugaban kwamiti. Aka yi jawabai, aka nuna hotuna a bango, aka rataya wa Barewa lambarsa. Sannan ya karɓi makirufo, ya yi shiru har zauren ya natsu, ya ce akwai mutumin da in ba don shi ba da har yau yana kai gas a babur. Ya sauko da kansa, ya kamo hannun Yaya, ya taimaka masa ya hau matakalar nan uku a karkace.

"Wannan shi ne maigidana," in ji Barewa. "Shi ya ba ni takalmina na farko. Duk wani hali da kuke yabo a wurina, a wurinsa na koya." Aka yi tafi. Hawaye na gaske suka fara zubo masa. "Shekaru ke nan ina ɗauke da wani nauyi. Kowa ya san abin da ya faru a mararrabar rijiya. Ni ina nan ranar."

Yaya ya ɗago kai.

"Ɗan Adam ajizi ne," in ji Barewa. "Maigidana ya yi abin da ya yi, ya kuma amsa laifinsa da bakinsa, ya sha hukunci ya isa. Ni da abin ya fi shafa, ban taɓa riƙe shi a raina ba. Yau ba na son wannan lambar in ba za a haɗa mini da alfarma ɗaya ba. Ina roƙon kwamiti, don girman Allah, a yafe masa."

Ya durƙusa a kan dandamali, gwiwa biyu, yana fuskantar babban tebur. Zauren ya miƙe tsaye. Matar da ke kusa da ni tana share hawaye da bakin mayafi, tana cewa ba ta taɓa ganin mutum irin wannan ba. Shugaban ya tashi ya ce kwamiti ya ji, albarkacin wannan bawan Allah an yafe, daga yau an ɗage hukuncin, Yaya na iya shiga duk tseren da ya ga dama. Mutumin da sai an riƙe shi yake hawa matakala uku. Aka miƙa wa Yaya makirufo. Ya riƙe shi kamar bai san amfaninsa ba, ya dubi Barewa da ke durƙushe, ya daɗe yana kallon sa.

"Na gode," ya ce.

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar ko kalma ban iya fitarwa ba.

Ba mu tsaya cin abinci ba. Muka fito bakin titi jiran bas, rana na dukanmu, mutane na wucewa suna yi masa murna, wani har ya dafa kafaɗarsa ya ce ya gode wa Allah da ya ba shi yaro mai halacci. Da suka ragu na juya kansa. Na ce ga inda haƙurinsa ya kai shi, ga ribar kirki, ya ji daɗi yanzu, an yi masa wankan tsarki da ruwan kwata a gaban duniya.

"Ba haƙuri ba ne, Auta," ya ce. Yana kallon motoci, ba ni ba. "Ba kirki ba ne kuma. Kin daɗe kina zagina a kan abin da ba shi ne ba."

"To mene ne?"

"Jira nake yi. Ni na koya masa komai. Na ce ba yadda za a yi wanda ya fito daga hannuna ya kasa faɗa da bakinsa. In na faɗa a madadinsa, na yarda ke nan ban iya tarbiyya ba. Duk zuwan da yake yi shago, cewa nake yau ce." Ya shafa aljihun sabuwar rigar. "Girman kai ne. Nawa ya fi na kowa."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan a kan kansa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

"To mu koma ciki," na ce. "Ba su watse ba. Ka karɓi makirufon nan ka faɗa da bakinka, ni kuma in tsaya a bayanka."

Bas ta tsaya a gabanmu. Ya kama ƙarfen ƙofa, ya ɗaga ƙafar mai lafiya tukuna, sannan ya jawo ɗayar.

"Wa zai saurare ni yanzu?" ya ce. "An riga an yafe mini."